Ɗakin Da Ishaq Ya Yaɓe

Tun daga zaure Gwaggo Zulai ta fara tafa hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Luba! Ke Luba, fito ki ji abin kunya!"

Saudatu tana tsugune a bakin rijiya tana wanke fararen kayanta na aikin asibiti. Da ma tun safe ta san za a rina. Saura wata biyu a ɗaura mata aure da Ishaq, yau kuma Gwaggo, yayar marigayi mahaifinta, ta tafi Bukkuyum auno ɗakin amarya don a san girman gado da tsawon labule.

Inna Luba, mahaifiyar Saudatu, ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Lafiya, Yaya Zulai? Mi ya faru?"

"Mi ya faru?" Gwaggo ta yar da gyalenta a kan tabarma. "Mun sha hanya tun daga nan Gummi, munka isa, ya buɗe muna ƙofa yana murmushi awa wanda ya gina gidan gwamna. Luba, ɗakin ƙasa na! Jan yaɓe tun daga daɓe har rufi, ba fenti, ba tayil. Gado guda, katako tsirara, gajere har gwiwata ta fi shi tsawo. Kujera guda mai igiyar fata. Tulu ga lungu. Sai wani ƙyallen saƙi da ya rataya ga bango, wai shi na adon."

Ta tsaya ta ja numfashi.

"Na ce yaro, ina za mu sa sif? Ina za mu jera kwanoni? Wai sai ya dube ni ya ce, 'Gwaggo, don Allah kada ku wahalar da kanku, ɗakin ya cika haka.' Ya cika, Luba! Ɗiyar ƙanena za ta shiga gidan miji ba jere, awa wadda anka tsinto ga hanya!"

Inna ta dafa ƙyauren ɗaki, ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ciki.

Gwaggo ta juyo kan Saudatu.

"Ke kuma kin ji daɗi. Ɗana Badaru yana nan shekara biyu yana jiran ki, ɗan uwanki na jini, kin ce sai ɗan masassaƙa. To ga shi ya sassaƙa maki."

Saudatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin kumfar sabulu.

Ta san ɗakin. Ta gan shi a hotunan da Ishaq yake turo mata, kuma ita ce ta ce masa kada ya ƙara komai. Ishaq ɗan gidan masassaƙan turmi ne na Gwashi, amma tun yana ɗan shekara goma sha biyu kawunsa ya tafi da shi Kaduna koyon kafinta. Da ya dawo ya buɗe shago a Bukkuyum, sai ya zo da irin aikin da ba a saba gani ba. Ba ya sa fenti, ba ya zanen fure. Zai samo kirya ko madaci, ya goge shi kwana da kwanaki har jijiyar icen ta fito, ya shafa kakin zuma, ya ce an gama. Mutanen Abuja da Legas suna gani a waya su aiko mota ta ɗauka. Mutanen gari kuwa in sun wuce sai su leƙa su ce, "Malam Isiyaku, yaushe za a ƙarasa?"

Ita kam ranar da ta fara zama a kan kujerarsa ta ji kamar an sauke mata wani kaya daga ƙirji.

Da Gwaggo ta tafi gida sallar azahar, Saudatu ta shiga wurin Inna. Ta same ta durƙushe tana goge simintin ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, karo na uku ke nan a yinin, kamar yadda take yi kullum.

"Inna, don Allah ki saurare ni. Ba raini ba ne. Haka aikinsa yake, kuma ni ce na ce masa ba na son tarkace."

"Kwanonin da nike tara maki tun kina firamare, su na tarkace?"

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

Inna ta matse tsumman, ta ajiye, ta zauna a bakin gado.

"Bar zancen kwano. Gwaggonki ita ta damu da abin da mutane za su ce. Ni kalma guda na ji cikin zancenta duka. Ƙasa."

Saudatu ta ɗago kai.

"Kin mance Yargalma?" Inna ta ce. "Kina ɗiyar shekara tara, ba ki kai ki mance ba. Ubanku shi kawo dutsen zinare cikin buhu, ni in daka cikin turmin da nike daka hatsi. Da hannun ga nawa. Garin shi bi iska shi sauka ga daɓe, ƙanenki Hamza na rarrafe bisa, ƙanwarki Mubina na wasan gidan ƙasa. Wa ya san akwai gubar dalma ciki? Ranar Talata Hamza ya fara fizge-fizge, ranar Juma'a anka rufe shi. Ba a yi kwana ashirin ba Mubina ta bi shi."

"Inna, ki bari..."

"Ba ni bari. Ina tsaye masu aiki sunka zo sunka kankare ƙasar tsakar gidana, sunka zuba ga buhuna awa kayan annoba. Tun ran nan na yi alkawari ban ƙara kwana ɗakin ƙasa, kuma abin da Allah Ya bar mani ba shi kwana. Ke kaɗai Ya bar mani, Saudatu."

Saudatu ta fashe da kuka. 'Yar fari ce ita, tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba sai yau.

Ta rarrafa ta kifa kai a cinyar uwar.

"Ni ma ban manta ba, Inna. Shi ya sa ba na iya kallon kayan nan masu ruwan zinare. In na shiga ɗakin amarya na ga gado yana walƙiya, kan Hamza nake gani, yadda garin nan yake ƙyalli a gashinsa in na goyo shi. Ɗakin Ishaq ne kaɗai na gani na ji zan iya barci a ciki. Ba kowace ƙasa ce mai guba ba, Inna, aikina ne, na sani."

Inna ta shafa kanta, ta daɗe tana shafawa.

"Ban ƙi yaron ba, Allah Ya sani. Amma ki gaya mashi: ko dai shi farfashe yaɓen nan shi sa siminti da fenti, a yi maki jere awa kowace ɗiya, ko a maida masu lefensu. Magana ta ƙare."

Washegari da hantsi, Saudatu na shirin fita aiki, ƙarar babbar mota ta cika lungun. Kafin ta sa takalmi har guɗa ta tashi.

Motar kaya ce ta tsaya a ƙofar gida. Ƙarti huɗu suna sauke kan gado wanda ya fi mutum tsawo, fari fat, an zagaye shi da furanni masu ruwan zinare. Bayansa sif mai ƙofa shida, madubi, kujeru masu ƙafar zaki. Matan unguwa sun fito da mayafai a karkace, kowa na son ta taɓa. Gwaggo Zulai tana tsakiya tana ba da umarni.

Badaru, ɗan Gwaggo, yana jingine da tasa motar cikin shadda ruwan toka. Mai sayen zinare ne a Anka, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ba mutum ne mai hayaniya ba. Wannan ne ma ya sa ƙin sa yake yi wa Saudatu wuya.

"Yaya Badaru, mene ne wannan?"

"Gudummawa ce, ƙanwata. Innata ta kira ni jiya tana kuka, ta ce za a kai ki ɗaki wayam. Na ce ba a yin haka ina raye. Ko wa za ki aura, kayan naki ne."

"Ai da ka tambaye ni."

Ya yi ɗan murmushi, ya rage murya.

"Na tambaye ki abu ɗaya sau uku, kin san amsar da kika ba ni. Ba zan ƙara matsa miki ba. Amma gidan Anka yana nan, tayil har bayan gida, kuma akwai ɗakin da na ware wa Inna Luba. Ina garin nan har jibi."

Ta juya don kada ya ga idonta, sai ta hango Inna. Ta fito ƙofar zaure, ta ɗora tafin hannu a kan santsin sif ɗin tana shafawa a hankali, fuskarta a sake, irin sakewar da Saudatu ta daɗe ba ta gani ba.

Wannan ya fi duk faɗan Gwaggo yi mata ciwo.

Kayan ba su shiga ɗaki ba saboda girma, aka jingine su a zaure. A wurin aiki ranar nan sau biyu tana rubuta sunan mara lafiya a katin wani. Da aka tashi ta kira Ishaq ta ce ya zo yau, ba gobe ba.

Bayan la'asar ya iso a kan babur. Sai da ya karkata kafaɗa kafin ya wuce tsakanin kan gadon da bango. Ya tsaya ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya saurari ƙarar.

"Wannan ai ba katako ba ne. Garin katako ne aka matse aka lulluɓe. Damina biyu zai kumbura."

"Abin da za ka fara faɗa ke nan?"

Ya juyo, ya ga idanunta sun kumbura. Nan da nan ya zauna a kan tabarma.

"Yi haƙuri, Saudatu. Bakina ne. Wa ya kawo?"

"Ka san wanda ya kawo. Kuma kai ka buɗe masa ƙofa. Me zai sa ka ce wa Gwaggo kada su kawo komai? Ka san abin da jere yake nufi wurin uwa? Tun ina yarinya take tarawa."

"Na ɗauka sauƙi nake nema musu."

"Ka ɗauka. Kai kullum ice kake saurare, ba ka sauraren mutane."

Ya murza tafin hannunsa mai kanta. Ta share hawaye, ta gaya masa sharaɗin Inna, ba ta rage komai ba.

Ishaq ya miƙe tsaye.

"In farfashe? Saudatu, wata takwas na yi a kan bangon nan. Shafi bakwai, kowanne da hannuna, ina jiƙa makubar ɗorawa ina tacewa, ina goge shi da dutsen gulbi har ya yi santsi. Ban yi wa wani mai kuɗin Abuja irinsa ba, ke na yi wa. A kawo kwanonin, na yarda, zan yi musu kanta mai kyau su zauna. Amma bangon..."

"Bango da ni, wa ka zaɓa?"

"Kada ki yi min wannan tambayar, don Allah."

"Ni ma haka aka yi min ita. Inna tana tsoron ƙasa, Ishaq, kuma tana da dalili. Ka san abin da ya same mu."

"Na sani, kuma wallahi ina tausaya mata. Amma wancan dutse ne aka daka a cikin gida. Wannan laka ce mai tsabta, ko tsakuwa babu. Na yi wata biyu ina neman mai wannan jan ban samu ba, sai da Jatau mai tifa ya kawo min. Ki bari Inna ta je ta taɓa da hannunta. Kai, ko Basma ta shaida daɗinta." Ya yi 'yar dariya, yana neman ya sassauta zancen. "Tunda Yaya Sahura ta baro ƙauye ta sauka a gidan, kullum sai an ɓamɓare 'yar tata daga jikin bangon tana lasa."

Saudatu ta daina kuka.

Ta san Sahura, yayar Ishaq, wadda rashin zaman lafiya ya koro daga Gwashi wata uku da suka wuce. Ta san Basma, 'yar shekara biyu mai kumatu.

"Ishaq, daga ina Jatau ya ɗebo ƙasar?"

"Wani tsohon tafki ne da ya ƙafe, can bayan Tungar Guru. Ya ce ba mai taɓa wurin, shi ya sa lakar ta kwanta lumui."

Ta dafa bango.

"Ka tambaye shi abin da ya sa ba mai taɓa wurin?"

Ya girgiza kai.

"Kana Kaduna lokacin, ba ka gani ba. A tafkuna ake wanke garin dutsen. Zinaren ya tafi kasuwa, dalmar ta kwanta a ƙasan ruwa. Ban ce lallai wannan tafkin yana ciki ba, sai an gwada. Amma gaya min gaskiya, yarinyar lafiyarta ƙalau?"



"Kwana huɗu ke nan tana amai. Ba ta cin abinci, sai kuka. Yaya ta ce haƙora ne." Ya zame ya durƙusa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hannuna na shafa. Saudatu, da hannuna."

Ta dube shi a durƙushe a gabanta, mutumin da ba ta taɓa ganin ya sunkuya wa kowa a kan aikinsa ba. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ƙirjinta zai tsage.

Ya ɗago jajayen idanu.

"Zan tafi yanzu in fitar da su. Gobe da asuba in sa a rushe bangon, in sa siminti, in ce na bi maganar Inna. Ba wanda zai sani. In ta ji wannan, wallahi mun rabu ke nan."

Ta san gaskiya ya faɗa. Hanya ce a buɗe: Inna ta samu simintinta, Gwaggo ta yi jerenta, Badaru ya koma Anka. Shiru kawai ake nema daga gare ta. Har ta buɗe baki za ta ce to.

Sai ta girgiza kai.

"In ka fasa bangon nan da guduma, ƙurar za ta shiga kowane gida a layinku. Kuma Jatau ba kai kaɗai yake kai wa ƙasa ba. Dole a sanar, a gwada ƙasar, a gwada jinin Basma, a gwada naka. Ba abin da za a ɓoye ba ne, Ishaq."

"Ko da zai raba mu?"

Hawaye suka sake ɓalle mata.

"Ina son ka, Allah Ya sani. Amma na taɓa goyon yaro yana fizga a bayana. Ba zan sayi aurena da 'yar Yaya Sahura ba."

Ƙarar faɗuwar kwano ta katse su.

Inna ce a ƙofar da ke shiga cikin gida. Kwanon sha yana birgima a ƙasa, ruwan ya malale har gefen tabarma. Da kanta ta ɗebo masa ruwa, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ya fara zuwa gidan.



"Shekarunta nawa?" Inna ta tambaya. Muryarta a daidai take, ba rawa.

"Inna, don girman Allah ki..."

"Da kai nike. Ɗiyar, shekarunta nawa?"

"Biyu," Ishaq ya ce, kansa a ƙasa.

"Ta fara fizga?"

"A'a, Inna."

"To da sauran lokaci." Ta juya ga Saudatu. "Ɗauko mani mayafina, ki ɗauko katinki na aiki. Uwar ba ta yarda da maganar ku yara, cewa za ta yi haƙora na. Ni ma haka na ce. Ni za ta ji."

Saudatu ta ruga ciki ta dawo da mayafin. Ishaq ya miƙe ya laluba makullin babur.

"Inna, rana ta yi sanyi, in ba mu kama hanya yanzu ba ba a bin ta da dare. Bari in ɗauke ki."

"Babur ba shi ɗaukar mara lafiya. Ke, kira Badaru shi kawo mota."

Saudatu ta danna lambar Badaru, ta tsaya da waya a hannu, ta dubi Ishaq. Ya kawar da kai.

Inna ta yafa mayafinta, ta ratsa ta gabansa. Sai da ta kai bakin ƙofar waje ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Isiyaku, na san ba da gangan ka yi ba. Ni ma ba da gangan na yi ba, kuma shekara goma sha biyar ban yafe ma kaina ba. Ka bi mu baya mu fidda ɗiyar mutane. In munka gama, ka aiko manyanka su amshi lefenku."

"Inna!" Saudatu ta yi ƙara.

Amma wayar da ke hannunta ta riga ta shiga. Daga can ɓangaren, muryar Badaru ta fito a natse.

"Na'am, ƙanwata. Ga ni nan zuwa."